Fayafayan da Mode Ya Rataya a Gona

Duk wanda ya ɗaura aure ko ya yanka ragon suna tsakanin Wurno da Rabah a zamanin da bidiyo ke tashe, ya san Mode Mai Kyamara, ko da bai san unguwarsu ba. Dogon mutum ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan rusuna saboda ɗaukar kyamara, har yau kuwa ba ta koma daidai ba. Mahaifinsa masunci ne a gulbin Rima, ya so ɗan nasa ya gaji gora da taru, amma ina! Mode tun yana ƙarami ruwa bai karɓe shi ba. Abin da ya karɓe shi hanjin rediyo ne. Ya kwance rediyon gidansu ya fi a ƙirga, ya sha bulala a kanta har uban ya gaji, ya kai shi Sakkwato wurin wani mai ɗaukar hoto, ya ce ga shi nan, ya je can ya yi ta kwance-kwancensa.

Da ya ƙare shekarunsa a birni ya dawo Wurno da kyamara 'yar gwanjo, da kwamfutar tebur mai ƙaton akwati, da ƙaramin janareto. Ya auri Asabe, ya buɗe sana'a a zauren gidansa.

Akwai wata ƙa'ida da Mode ke aiki da ita, kuma da wahala ya koye ta. A farkon fitowarsa ya ɗauki wani biki a Dinawa, ya yi ta bin ango da abokansa da kyamara kamar yadda ya gani ana yi a birni. Da aka kunna faifan a gidan biki sai aka nemi gwaggon ango aka rasa, ita kuwa ita ta raine shi. Tsohuwa ta ce ashe ita ba kowa ba ce a gidan, ta hau ɗaure kayanta. Aka dawo wa Mode da faifansa, aka haɗa masa da baƙar magana. Tun daga ranar ya ce kowa sai ya fito. In ya je taro zai bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, fuska bayan fuska, har mai rabon goro da wanda ya tsaya bakin hanya yana kallo. Cikin gida kuwa, inda namiji ba ya shiga, Asabe ce ke karɓar kyamarar ta shiga ta bi mata haka nan. Gaskiya fayafayansu ba su da daɗin kallo ga baƙo. Sai ka yi gyangyaɗi ka farka, ana nan ana bin tabarmi. Amma masu biki ba su sake dawo masa da ko ɗaya ba.

Kuma kowane biki faifai biyu yake buga masa, ɗaya na masu shi, ɗaya nasa. Ya rubuta sunan gari da na mai gida da alƙalamin maka a bayansa, ya jefa a akwatin ƙarfe. Ya san halin gidajen mutane, ba za a yi nisa ba yara za su karce faifan, ko a ɗora masa kwanon miya, a dawo ana neman wani.

Waya ce ta fara kashe sana'ar. Kowa ya zama mai kyamara, amarya ma da kanta take ɗaukar kanta. Daga baya hanyoyin gabas suka lalace da 'yan bindiga, bikin ƙauye ya koma a ɗaura aure a yi fatiha a watse tun rana na sama. Mode bai yi ta kuka da zamani ba, ba halinsa ba ne. Ya rabu da kyamarar, Asabe ta lulluɓe kwamfutar da tsohon zane a kusurwar zaure, shi kuwa ya samu gona a fadamar Wurno ya shiga noman shinkafa na rani. Hannun da ya saba da sukudireba ya yi kanta da fartanya, shekaru suka yi ta tafiya, babu wanda ya ƙara tambayarsa faifai.

To, bana sai jan-baki suka zo da wuri. Wanda bai taɓa ganin tsuntsayen nan sun sauka a gonar shinkafa ba, kada ya yi saurin ganin laifin Mode. Za ka hango su kamar hayaƙi, kafin ka ɗaga murya sun sauka, kuma lokacin da suka fi so shi ne sa'ad da shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa. Manomi ya yi ihu, ya ja igiyar gwangwanaye, ya yi jifa har kafaɗa ta mutu, su tashi daga nan su sauka can. Wata rana Mode ya ga maƙwabcin gonarsa ya rataye tsoffin fayafayai 'yan kaɗan a sanda, iska na juya su suna walƙiya, tsuntsaye na kauce wa wurin. Ya tsaya yana kallo, sai akwatin ƙarfensa ya faɗo masa a rai.

Asabe ta tarar da shi a tsakar gida yana zura zare a ramin fayafayai, ya tara su gabansa tuli guda.

Ta ce, "Bukukuwan mutane na fa, Malam."

Ya ce mata wa ya rage da injin kallon faifai a ƙasar nan? Shekara nawa suna kwance, ko ɓera bai neme su ba. Su ma su yi wani amfani mana, ko don a ci tuwo. Asabe ta ɗauki tsintsiyarta ta yi gaba, amma yadda ta share tsakar gidan nan a ranar, ƙurar duk a kansa ta ƙare.

Dabara kuwa ta yi. Gonar Mode ta koma abin kallo, masu babur na rage gudu a kan hanya su kalli yadda take ƙyalli tun daga wannan kunya har waccan. Jan-baki suka koma gonakin wasu. Mode ya samu barcin rana da ya daɗe bai samu ba, har ya fara jin kansa, yana ba maƙwabta shawara.

Ana cikin haka, wata safiya ya dawo daga gona sai Asabe ta ce ya yi baƙuwa daga Goronyo. Wata mace ce zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin Asabe, ba ta tsufa ba amma wahala ta taɓa ta. Suka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutan gida, sannan ta gyara hijabinta.

Ta ce, "Ba ka gane ni ba, Malam Mode. Ni ta Larai, matar Bilyaminu na Tungar Giginya. Ku kunka ɗauki bikinmu, kai da Yaya Asabe."

Mode ya tuna Tungar Giginya, ƙauye ne can gabas da Rabah, ya sha zuwa aiki. Ya kuma san abin da ya faru da shi, kowa ya sani. Larai ba ta ja labarin ba. Ta ce ranar da 'yan bindiga suka shigo musu ta fita da goyo a baya da zanen jikinta kawai. Bilyaminu ya koma kwance shanu, bai fito ba. Gidan ya ƙone da komai, har faifan bikin da katinsa mai hoto. Shi dama ba mutumin hoto ba ne, wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai tocila. Yanzu tana zaune gidan wanta a Goronyo, tana taya masu albasa tsinta. Goyon nan kuwa, Khairiyya, ta girma har ta shiga firamare.

Damuwar a kan yarinyar take. Wata tsohuwa 'yar ƙauyensu ta ga wani mai sayar da albasa a kasuwar Goronyo, ta ce a gaban yarinyar wai yana ɗan yanayi da marigayi. Shi ke nan. Kullum aka tashi makaranta sai Khairiyya ta zame ta je ta tsaya tsallaken rumfar mutumin ta zuba masa ido, ba ta magana, ba ta roƙon komai. Bawan Allah ya tsargu, ya bincika gidansu ya kawo ƙara. Kawunta ya yi mata faɗa, ya hana, ta koma. Ya tsinka mata bulala, ta koma.

Larai ta ce, "Da nit tsare ta, ca ta yi min, to Inna, ki gwada min na gaskiyar. Ni ko ba ni da abin gwada mata. Shi na nit tuna kuna aje naku."

Mode ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ce ta kama shi. Ya buɗe baki zai ce a ba shi 'yan kwanaki ya duba, sai Asabe ta riga shi. Ta gaya wa Larai gaskiya tiryan-tiryan, cewa fayafayan suna fadama a rataye, suna korar tsuntsaye. Larai ta kalli Asabe, ta kalli Mode, kamar ba ta fahimta ba. Can ta sunkuyar da kai ta jawo takalmanta.

Ta ce, "To. Allah shi ba da amfanin gona."

Wallahi da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya bi ta har zaure ya karɓi lambar wayar wanta, ya ce ta ba shi lokaci, bai yi mata alkawarin komai ba.

Ko abinci bai tsaya ci ba ya koma fadama da buhu. Maƙwabcinsa ya ce haba Mode, ka bari a yi girbi mana, saura kaɗan, faifai zai gudu ne? Mode ya san abin da maƙwabcin bai sani ba. Faifan da ake bugawa a kwamfuta, abin da ke riƙe da hoton wani ɗan rini ne a cikinsa, kuma rana cinye shi take yi. Ga shi ana tsakiyar bazara, zafin da ke fasa ƙasa. Duk yinin da suka ƙara a rataye, wani bikin ya tafi. Ya bi zare yana tsinkewa yana zubawa a buhu, tun a nan kuwa ya ga rana ta shanye rubutun maka tas. Babu sunan gari, babu na mai gida, duk sun zama iri ɗaya. Kafin ya fita daga gonar ya ji kukan jan-baki a bayansa, bai waiwaya ba.

Sai kuma kwamfuta. Ya yaye zanen, ya kwance murfin gefe, ya leƙa. Zanzaro ya yi gini a jikin fanka, gizo-gizo ya yi nasa, kyankyasai sun hayayyafa sun bar ɓawo. Ya kankare, ya share da tsohon buroshin haƙori, ya hure da famfon keke, ya tada janareto. Abin mamaki, tsohuwa ta yi gurnani ta kawo haske. Ya danna maɓallin na'urar DVD, wato wadda ake sa faifai a cikinta, sai tiren ya ƙi fitowa, ana dai jin wani abu na kuka a ciki. Wannan ciwo ya san shi. Ya miƙar da fil ya soka a ɗan ramin da ke gaban na'urar, tire ya turo kai, ya jawo shi. Ɗan bel ɗin roba da ke tura tiren ya narke ya zama danƙo. Ya tambayi Asabe ko tana da robar kitso, ta kawo masa ba tare da ta tambayi ta mece ce ba. Ya ninka ta biyu ya maƙala, tire ya shiga ya fita lafiya lau.

Ya wanke faifai ɗaya ya sa. Ya juya, ya yi ƙas ƙas ƙas, ya tsaya. Ya sa wani, haka. A nan wani zai yanke ƙauna ya ce rana ta gama da su duka, amma Mode ya ce tsaya, a san mai laifi tukuna, faifai ne ko na'ura. Ya ɗauko wani faifan wa'azi na kanti da bai taɓa ganin rana ba ya sa, shi ma ta ƙi karantawa. Har ya ɗan ji sanyi a ransa, ashe laifin na'ura ne. Ya buɗe na'urar, ya naɗa auduga a tsinke, ya ɗiga sifirit, ya goge ɗan gilashin nan da ake kira ido, a hankali kamar mai cire wa jariri kwantsa. Ya mayar, ya gwada, ya sake gogewa, ya sake gwadawa. Ido ya mutu, ba shi da magani sai wata na'urar.

A Wurno duk wanda ya tambaya sai ya yi masa dariya. Aka ce ya gwada Ja'afar, mai shagon buga takardu a Rabah, shi ne ba ya zubar da matacciyar kwamfuta. Mode ya yi sammako ya hau motar kasuwa, don hanyar nan mai hankali ba ya bari la'asar ta same shi a kanta. Ja'afar, wani matashi mai fara'a, ya ce Baba Mode, kai da wa za ku kalli faifai a zamanin nan? Ya shiga ciki ya fito da wata na'ura mai kyau, kusan sabuwa. Mode ya juya bayanta ya girgiza kai. Wannan ta siririyar waya ce, tasa kwamfutar kuwa ta faffaɗar waya ce mai haƙora da yawa, ba za su haɗu ba. Suka shiga ɗakin tarkace su biyu, suna ɗaga wannan suna ture wancan, suna atishawa, har suka kai ga wata tsohuwar kwamfuta a can ƙasa da aka mayar abin ɗora kwalaye. A cikinta suka samu irin wadda ake nema. Ja'afar ya ce shi fa bai san ko tana da rai ba. Da Mode ya gaya masa dalilin neman, fara'ar ta ɗauke. Ya ce dangin mahaifiyarsa ma daga wajen nan suke, ya naɗe na'urar a leda da kansa, ya raka shi har tasha.

Yinin da ya yi a Rabah, jan-baki sun yi biki a gefen gonarsa na gabas. Ya je ya gani da yamma, zangarniya tsaye fari fat babu ƙwaya. Ya ji zafin abin ƙwarai, abincin gidansa ne. Ya ɗaɗɗaura ledoji da gwangwanaye, ya koma gida.

Washegari ya zura sabuwar na'urar a gurbin tsohuwar, ya ɗaure sukurori, ya cusa faffaɗar wayar yana lura da gefen da ke da jan layi, ya haɗa wayar wuta. Ya kunna. Allo ya yi baƙi, ya fito da 'yan rubuce-rubuce, ya tsaya cak. Ba na'urar kaɗai ba, yanzu kwamfutar ta ce ko rumbun ajiyarta ba ta gani. Ya cire na'urar, ta tashi. Ya mayar, ta ƙi. Ya zauna ya rafka tagumi yana zagin kansa, ya ce noma ya cinye masa kai. Sai can abin ya dawo masa. Na'urar da rumbun ajiyar waya ɗaya suka haɗa, kuma in abu biyu suka haɗa waya ɗaya, dole a nuna wa kwamfuta wane ne babba wane ne ƙarami. Akwai wata 'yar hular roba baƙa a bayan na'urar, ba ta kai ƙwayar wake ba, inda aka kafa ta shi ke faɗin matsayin. Wannan da ya kawo a kan babba take, rumbun ma a kan babba yake.

Cire 'yar hular ya zama aiki. Yatsunsa sun yi kauri, ido kuma ya fara gajiya. Da ƙyar ya ƙwaƙulo ta, ta yi tsalle ta faɗa ƙasan zaure ta ɓace. Asabe ta zo ta same shi a rarrafe. Ta ce ya matsa, ta share ƙasar wurin ta zuba a rariya ta tankaɗe, sai ga ta. Ta ɗauko matsefata, ya nuna mata haƙoran da za a sa, ta kafa ta sau ɗaya.

Ta ce, "Ashe ƙarfe ma shina rigimar girma."

Wannan ce maganar kirki ta farko da ta yi masa tun ranar da Larai ta zo. Ya kunna, kwamfuta ta tashi, ya sa faifan wa'azin nan, sai ga muryar malam ta cika zaure. Mode ya yi hamdala a fili.

Daga nan kwanakinsa suka rabu biyu. Safe da yamma yana fadama yana ihu da tsuntsaye, tsakar rana yana zaure. Asabe ke wanke fayafayan a roba da ruwan sabulu, ta cire kashin tsuntsu da ƙura, ta goge daga tsakiya zuwa baki kamar yadda ya nuna mata, ta shanya a inuwa. Shi kuma ya sa ɗaya bayan ɗaya. Da yawa sun mutu. Tun kafin ya sa yana ganewa, don cikinsu da yake ruwan shuni ya koɗe ya yi fari-fari. Waɗanda suka rayu galibi na gefen da bishiyar dogon yaro ke yi wa inuwa ne. Ya ga bukukuwan Kwargaba, ya ga na Dinawa, ya ga mutanen da ya manta da su suna dariya da ƙuruciyarsu. Asabe kan bar wanki ta zo ta tsaya a bayansa, ta ce wannan ɗaukarta ce, ga hannunta nan na rawa.

Buhu ya ƙare, bikin Larai bai fito ba. Yana cikin waɗanda suka koɗe, ba ma za a san wanne ne ba balle a yi masa kuka.

Mode ya daɗe da lambar wan Larai a hannu bai kira ba. Abin da ya hana shi yanke ƙauna shi ne, a cikin masu rai ya ware wasu 'yan kaɗan da ya tabbata a Tungar Giginya aka ɗauke su, ya gane su da masallacin ƙasa da doguwar giginyar da ke gefensa. Bikin wasu ne, sunan 'ya'yan wasu ne. Amma a ƙauye irin wannan babu taron da magidanci zai ƙi zuwa, shi kuwa Mode bai taɓa tsallake tabarma ba. In Bilyaminu yana gari a ranakun nan, to yana ciki. Matsalar ita ce Mode bai riƙe fuskarsa ba, fuskoki nawa ya ɗauka a rayuwarsa? Mutum ɗaya ce za ta iya nuna shi, kuma kafin ta nuna shi sai ta zauna ta kalli garin nan duka yana raye. Ya kira ya faɗi haka ba ɓoye-ɓoye, ya ce in ba za ta iya ba, ba zai ga laifinta ba. Aka ce masa za ta zo.

Suka iso da hantsi, ita da yarinyar. Khairiyya siririya ce, mai manyan idanu, ta durƙusa ta gaida Mode da Baba. Asabe ta shimfiɗa musu tabarma a zaure, ta tura ƙyaure don haske ya ragu. Mode ya tada janareto ya sa faifan farko.

Da giginyar nan ta bayyana a allo Larai ta ja numfashi ta toshe baki da hijabi. Kyamara ta fara bin tabarmi. Can sai ta soma kiran sunaye ƙasa-ƙasa, ba da kowa take ba. Wannan liman ne, ya rasu a ranar. Wannan yana Sakkwato yana tura baro. Wannan an tafi da shi, ba a sake jin labarinsa ba. Wannan ƙanin babanta ne. Mode ya ji ina ma bai kira ta ba. Faifan ya ƙare babu Bilyaminu, ta ce wataƙila ya tafi cin rani a shekarar. Na biyu ya yi ta tsalle-tsalle, hoto na farfashewa, ya mutu a tsakiya. Asabe ta ce ko a huta a sha ruwa, Larai ta girgiza kai.

Na gaba na bikin sunan ɗan wani Lauwali ne. An idar da addu'a, maza na zaune a ƙofar gida cikin hasken safiya, kyamara na tafiya a hankali. Sai wani mutum ya ratso ta gabanta da tiren goro, ya ba ta baya, sanye da shuɗiyar riga, yana sunkuyawa yana miƙa wa dattawa. Larai ta miƙe a kan gwiwoyinta. Daga bayan ma ta gane shi, amma baya ba shi aka zo nema ba. Mutumin ya yi gaba, ya kusa fita daga hoton. Sai wani daga cikin mazauna ya jefa masa wata magana, da alama ta barkwanci ce, ya juyo yana dariya, fuskarsa ta cika allon.

Daidai nan faifan ya kai wurin da rana ta ci. Na'ura ta yi ƙas ƙas, murya ta ɗauke, hoto ya daskare. Mutumin ya tsaya haka nan, baki buɗe da dariya, hula ta ɗan karkace, idonsa a kan masu kallo.

Larai ta ce, "Shi na. Khairiyya, ga babanki."

Mode, da sabon hannu, ya miƙa yatsa zai danna maɓalli ya fitar da faifan ya goge, ko a samu ya wuce wurin. Sai ya ji an riƙe masa hannu. Yarinyar ce, ta kama wuyan hannunsa da hannayenta biyu, da ƙarfin da bai zaci tana da shi ba, idonta kuwa bai bar allon ba.

Ta ce, "Kak ka gyara, Baba. Bar shi haka nan, shina kallona."

Ya janye hannunsa. Ta matsa gaba da gwiwa har numfashinta na taɓa gilashin, uwar na kuka a bayanta ba sauti, Asabe ta dafa ta. Mode ya tashi a hankali don kada ya taɓa wata waya, ya fita bayan zaure inda janareto yake. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya ga man ya yi ƙasa. Ya ɗauko galan, ya juye sauran da ke ciki duka.